Waiwaye: Yadda Littafin Insha'i Ya Ɓace Kafin Kofin Gasa Ya Yawaita

Kusan duk lokacin da aka karrama ɗaliban da suka ci gasar rubutu, cece-kuce kan biyo baya. Wani ya ce malami ne ya rubuta wa yaron, wani ya ce daga intanet aka kwafo, yanzu kuma ana zargin manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Ana maganar kamar jiya ta faro, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Adabin Hausa ya daɗe da sanin gasa. Ta 1933 da Hukumar Fassara ta shirya ita ta fito da Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa, dukansu matasan malaman makaranta a lokacin. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya yi tasa a 1978, aka yi ta gwamnatin tarayya a 1982, BBC Hausa kuma ta fara Hikayata a 2016.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya. Shirin alheri ne, ya buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofa. Sai dai yaran da suka zo sun zarce lissafi, aka horar da malamai cikin gaggawa, ajujuwa suka cika maƙil. Darasin da ya fi jin jiki shi ne insha'i, don shi ba a dubawa da kallo ɗaya.

A yi lissafi. Shafi guda, in malami zai karanta shi da jan biro, ya ja layi ƙarƙashin "ƙ" da "ɗ" da aka bari ba lanƙwasa, ya raba kalmomin da aka haɗe, ya rubuta ɗan tsokaci, minti 5 ne aƙalla. Aji mai yara 35 kusan awa 3 ke nan. Aji mai yara 100 ya haura awa 8, kuma ba shi kaɗai malamin ke koyarwa ba. Sai aka koma rubuta samfuri a allo, yara su kwafa, a sa hannu. Matakin da yaro ke sake rubuta aikinsa bayan gyara, wanda a nan ake koyon rubutu, shi ya fara faɗuwa. Da yawa daga waɗanda suka tashi a haka su ne suka riƙe alli daga baya.

To, yau takardar gayyata ta iso makaranta, wa'adi mako guda, a rubuto daga gida. Sunan makaranta na kan faifai, yaron da aka zaɓa kuma bai saba a gyara masa ba. Malami ya yi ta "gyara" har rubutun ya koma nasa.

Masu shirya gasar da suka gane haka sun sauya tsari: a tara yara a zaure ɗaya, a ba da maudu'i nan take, awa guda, lamba a maimakon suna, alƙalai biyu kowa ya duba daban. Goman farko a kira su, kowa ya karanta nasa a bainar jama'a, a tambaye shi abin da yake nufi da jimla kaza. Sannan a mayar wa kowane yaro takardarsa da gyaran alƙalai a jiki, har wanda ya zo na ƙarshe.