Sabis ya cika, data na jan ƙafa: ina matsalar take?

Wace hanya data ke bi daga waya zuwa intanet?

Zango uku take yi. Na farko ta iska ne, daga wayarka zuwa ƙarfen sabis. Na biyu daga ƙarfen zuwa cibiyar kamfani, ko dai ta wayar fiba da aka binne a ƙasa, ko ta faifan nan masu kama da ganga da ake maƙalawa a jikin ƙarfe, kowanne na fuskantar ɗan'uwansa a wani ƙarfen. Na uku ita ce cibiyar, inda ake tantance layinka, a lissafa datar da ka ci, sannan a miƙa ka ga intanet.

A tsarin 3G akwai wata na'ura tsakanin ƙarafa da cibiya, ita ke ba su umarni. Da aka zo tsara 4G sai aka cire ta, aka mayar da aikinta ga ƙarfen da kansa, don a rage tsaye-tsaye a hanya. Wannan tsari ya fara aiki ga jama'a a watan Disamba na 2009, a biranen Stockholm da Oslo.

To me ya sa sandunan sabis ke cika amma bidiyo ya ƙi buɗewa?

Domin sandunan ƙarfin siginar kawai suke nunawa, ba sa faɗa maka mutum nawa kuke rububin ƙarfe ɗaya. A 4G, duk kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ƙarfen ke sake rabon zangon rediyonsa, wato faɗin hanyar iska, tsakanin wayoyin da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa wayar da ta yi gudu a Kantin Kwari bayan sallar asuba take rarrafe a daidai wurin da azahar, alhali sandunan ba su ragu ba.

Tun 1948 masanin lissafi Claude Shannon ya nuna cewa abu biyu ke iyakance yawan bayanin da hanya za ta ɗauka: faɗin zangon, da yadda siginar ta rinjayi hayaniyar da ke kewaye da ita. Wanda ke gefen iyakar ƙarfe yana fama da kutsen siginar ƙarfen maƙwabta, dole a aiko masa da data a hankali. Kuma ko iskar ta yi kyau, idan hanyar da ta haɗa ƙarfen da cibiya ƙarama ce, nan cunkoson zai koma. A ganina wannan zango na biyu shi aka fi mantawa da shi, don talla ba ta ambatonsa.

Gudu da jinkirin amsa abu ɗaya ne?

A'a. Gudu shi ne yawan datar da ke wucewa a daƙiƙa, jinkiri kuwa lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Haske a cikin fiba yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, kuma ba kuɗin da zai ƙara masa sauri. Mai lilo a intanet daga Kano, in shafin da yake nema yana Turai, sai datarsa ta gangara Legas inda wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Equiano suka fito. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wasu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, jama'a sun ga sabis cike a waya, intanet kuwa sai a hankali.

Me masu bincike suka gano game da aika data ta iska?

Nan ne abin ya fi jan hankalina. Ƙa'idar TCP, wadda akasarin intanet ke aiki da ita, an gina ta ne don hanyoyin kebul, ba na iska ba. Duk sa'ad da wani ɗan guntun data ya ɓace, sai ta ɗauka cunkoso ne, ta rage gudu. Amma a iska guntu kan ɓace don mutum ya shiga ɗaki mai kaurin bango, ko motarsa ta fita daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Sai a rage gudu ba gaira ba dalili.

A 1995 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley suka fito da dabarar Snoop: ƙarfen sabis ɗin ya riƙa ajiye guntayen, ya sake aika wanda ya ɓace ba tare da mai aikowa ya sani ba. Daga baya wata matsalar ta bayyana, wato ma'ajiyar da ta yi girma fiye da kima tana tara dogon layi, jinkiri ya ƙaru. A 2016 Google ta fitar da wata dabara mai suna BBR, mai auna faɗin hanya da lokacin dawowar amsa maimakon jiran a yi asara.

Shin 5G za ta kawo ƙarshen wannan?

Za ta rage. Faɗin zangon rediyo guda a 4G ba ya wuce megahaz 20, a 5G kuwa yana kai 100 a mitar gigahaz 3.5, wadda MTN da Mafab suka saya a gwanjon hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, na Disamba 2021. Sai dai wannan mita ba ta cin nisa ko ratsa bango kamar ƙananan mitoci, don haka tana buƙatar ƙarafa kusa da kusa, kowanne da fibarsa da wutarsa. Kamfanoni da yawa a duniya ma sun fara 5G ne a kan tsohuwar cibiyar 4G, abin da ke ƙara gudu amma bai rage jinkiri yadda aka tsara ba.