Sauya Sheƙa a Ƙwallon Jami'o'in Amurka: Me Ke Raba Makaranta da Maƙwabtanta?

A lokacin bazarar 2024 jami'o'i goma sha biyar na Amurka suka tattara komatsansu daga gasar da suka saba bugawa suka koma wata. Ga mai bin wasanni daga nesa abin yana da ruɗani, don haka ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi.

Wace ƙwallo ce wannan, kuma mece ce gamayya?

Ƙwallon Amurka ake nufi, wadda ake ruguwa da ita a hannu ana sanye da hular kwano, ba tamaular da muka sani ba. 'Yan wasan ɗalibai ne, amma kada kalmar ɗalibi ta yaudare ka. Filin jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000, ya fi Wembley da Camp Nou girma, kuma cika yake yi ranar Asabar.

Jami'o'in da ke matakin ƙoli sun haura 130, ba za su iya karawa da juna duka ba a kakar wasa mai wasanni 12. Shi ya sa suke haɗuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da jadawalinsa da kofinsa da kwangilar talabijin ɗinsa. Wannan rukunin shi muke kira gamayya a nan. Manyan su ne SEC da Big Ten da Big 12 da ACC, sai Pac-12 da ta kasance ta biyar kafin ta wargaje. Babu hawa, babu faɗuwa irin na Firimiyar Ingila. Ko da ka yi shekara goma kana shan kashi kujerarka tana nan, wanda kuma ke waje ba zai shigo ba sai an gayyace shi. Sunayen ma sun daina faɗin gaskiya: Big Ten, wato manya goma, yanzu su 18 ne, Big 12 kuma 16.

To me ke sa jami'a ta bar gamayyar da ta daɗe a ciki?

Kuɗin talabijin. Duk sauran dalilan da shugabannin jami'o'i ke kawowa a taron manema labarai ado ne kawai.

Asalin maganar tana komawa 1984. Kafin nan NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ita kaɗai ke sayar da haƙƙin haska wasanni, ita ke ƙayyade sau nawa za a nuna kowace makaranta. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ta ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya. Daga baya kowace gamayya ta zama 'yar kasuwa mai sayar da hajarta da kanta, hajar kuwa ita ce yawan idanun da ke kallo. Gamayyar da ta mallaki ƙungiyoyi masu farin jini ita gidajen talabijin ke wa layi.

Dubi alƙaluman. A 2022 Big Ten ta ƙulla kwangilar shekara 7 da Fox da CBS da NBC, ta sama da dala biliyan 7. Idan aka raba, abin da kowace makaranta a Big Ten ko SEC ke samu a shekara ya zarce na takwararta a ACC ko Big 12 da miliyoyin daloli masu yawa. A shekara ɗaya ana iya haƙuri da wannan giɓin. A shekara goma ya zama bambanci tsakanin mai iya riƙe kocinsa da wanda za a sace masa shi. Kuma tun da kotu ta amince da sulhun shari'ar House, wadda 'yan wasa suka shigar a kan NCAA, a watan Yunin 2025, jami'a na iya biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, ka ga buƙatar kuɗin ta ƙara tsananta.

Sabon abu ne?

A'a. Arkansas da South Carolina sun shiga SEC tun farkon shekarun 1990, Penn State ta fara buga wa Big Ten a 1993, tsohuwar gamayyar Southwest kuma ta mutu a 1996. An sake wani zagaye tsakanin 2011 da 2014, lokacin da Nebraska da Maryland da Rutgers suka koma Big Ten, Texas A&M da Missouri suka nufi SEC.

Abin da ya bambanta na wannan karon shi ne manyan giwaye ne suka motsa. A watan Yulin 2021 labari ya fashe cewa Texas da Oklahoma, ginshiƙan Big 12, za su koma SEC. Har dala miliyan 100 suka yarda su bari don su tafi shekara ɗaya kafin wa'adi. Ba a gama jimamin wannan ba, ranar 30 ga Yunin 2022 USC da UCLA na birnin Los Angeles suka ce sun zama 'yan Big Ten, gamayyar da asalinta na tsakiyar ƙasar ne, can yankin dusar ƙanƙara.

Ina labarin Pac-12? Da gaske ta mutu?

Ta suma dai, an yayyafa mata ruwa, amma wadda ta farfaɗo ba ita ce ta da ba. Labarinta ne ya fi ban tausayi a duk wannan dambarwar, domin tushenta yana komawa har 1915.

Bayan tafiyar USC da UCLA, shugabanninta suka shafe fiye da shekara suna neman mai sayen wasanninsu da daraja, ba su samu ba. Tayin da ya rage a ƙarshe na kamfanin Apple ne, wanda yawancin ribarsa ta dogara da yawan masu biyan kuɗin kallo ta intanet. Makarantu suka duba suka ga wannan ƙila-wa-ƙala ce. Colorado ta fara sulalewa a ƙarshen Yulin 2023. Ranar 4 ga Agusta kuwa, a yini guda, Oregon da Washington suka tafi Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah suka bi Colorado zuwa Big 12. Wata guda bai cika ba Stanford da California suka faɗa ACC, gamayyar da sunanta ma na gaɓar tekun Atlantika ne alhali su suna bakin Pasifik. Ba da daraja suka shiga ba, kason da aka yanka musu bai kai na 'yan gida ba. SMU ta Dallas da ta shiga tare da su ta ma yafe kuɗin talabijin na shekara 9, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka ce za su cike gurbin.

Aka bar Oregon State da Washington State su biyu a kango. Suka je kotu suka karɓe ikon gamayyar da dukiyarta, sannan suka yi wa na ƙasa da su abin da aka yi musu: suka zawarci Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State daga gamayyar Mountain West, suka ƙara da Texas State, don farawa a 2026.

Idan haka ne, me ya riƙe Florida State da Clemson a ACC?

Takarda. Makarantun ACC sun sa hannu cewa haƙƙin haska wasanninsu na gida mallakar gamayyar ne har 2036, ko sun zauna ko sun tafi. Wato ka tafi da jikinka ka bar jakar kuɗinka. Florida State ta daɗe tana gunaguni, sai ga shi a 2023 ta cinye wasanninta 13 ba a doke ta ba, amma kwamitin zaɓe ya tsallake ta a wasannin fidda zakaran ƙasa, waɗanda lokacin ƙungiya 4 kawai ke shiga. Kafin watan Disamba ya ƙare ta shigar da ƙara, Clemson ta biyo baya a Maris na 2024. An sasanta a Maris na 2025: wanda aka fi kallo zai fi samun kaso, kuɗin fita kuma zai riƙa raguwa har ya sauka dala miliyan 75 a kakar 2030 zuwa 2031. A ganina wannan ba sulhu ba ne, sa ranar saki ce.

Wa abin ya fi cutarwa?

'Yan ƙwallon da ake rigimar dominsu su suka fi samun sauƙi, wasa ɗaya suke yi a mako, jirgin shata ke kai su. Wahalar tana kan 'yar wasan ƙwallon raga ko ta kwando da za ta tashi daga Los Angeles zuwa Rutgers a New Jersey, tafiyar kusan kilomita 4,000, a tsakiyar mako, ta dawo ta tarar da jarrabawa. Sai kuma 'yan kallo. Oklahoma da Oklahoma State sun fi shekara ɗari suna hamayya, jiha ɗaya, sau da yawa gida ɗaya, amma bayan wasan 2023 aka rufe babin. Gaskiya dai an samu riba ta wani gefen, domin Texas da Texas A&M da suka daina haɗuwa bayan 2011 sun sake karawa a 2024.

Nan gaba wa ake ganin zai motsa?

Ka riƙe shekarun 2030 da 2031. A nan kwangilar Big Ten ke ƙarewa, ta Big 12 ta biyo baya, ƙofar ACC kuma ta yi araha. Sunayen da aka fi ambata su ne Florida State da Clemson da Miami da North Carolina, ita North Carolina saboda jiha ce mai yawan jama'a wadda SEC da Big Ten duk ba su da kowa a cikinta.

Sai dai akwai lissafin da masu zana sabuwar taswira a shafukan sada zumunta ke mantawa. Baƙo ba ya shiga sai in abin da zai kawo ya kai kason da zai ɗauka, in ba haka ba 'yan gida ne za su rage cinsu. Da kason ya yi tsada haka, makarantun da suka cika wannan sharaɗi ba su da yawa. Shi ya sa na fi zaton rigimar gaba a cikin gida za ta tashi, ranar da Ohio State ko Alabama za su tambayi dalilin da zai sa su raba daidai da makarantar da ba mai kunna talabijin dominta. ACC ta riga ta buɗe wannan ƙofar.

Notre Dame fa?

Ita ce budurwar da kowa ke so, ita kuma ta ƙi aure. Sauran wasanninta yawanci a ACC take buga su, amma a ƙwallon Amurka gashin kanta take ci, da kwangilarta ita kaɗai da NBC tun 1991. Abin da zai iya tilasta mata shiga gamayya shi ne a toshe mata hanyar cin kofin ƙasa. Da aka faɗaɗa wasannin fidda zakara zuwa ƙungiya 12 a kakar 2024, ta shiga ba tare da wata gamayya ba, ta kai har wasan ƙarshe, inda Ohio State ta doke ta da ci 34 da 23.