Wa ke riƙe da ragamar ƙungiyar masana tarihi? Tambayoyi da amsoshi

Ɗalibaina a nan Katsina sukan ji ana maganar ƙungiyar masana tarihi, su ɗauka taron farfesoshi ne da ake yi sau ɗaya a shekara a watse. Ga tambayoyin da suka fi yi mini.

Me ya raba ta da ƙungiyar ƙwadago?

Ƙungiya irin ASUU tana fafutukar albashi da haƙƙin malamai. Wannan kuwa ilimin tarihin kansa take karewa: tana buga mujalla, tana shirya taron gabatar da maƙaloli, tana tsare ƙa'idojin bincike. An kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya a Ibadan a 1955, Kenneth Dike ne shugabanta na farko, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai H.F.C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya kafa Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, a Kaduna a 1970. Mujallarta ta fara fitowa a 1956.

Tsakanin shugaba da mai gudanar da ofis, wa ya fi nauyi a kansa?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Shugaba zaɓarsa ake yi, yawanci don ya yi suna a fagen ilimi. Shi ke jagorantar zaman majalisar zartarwa, shi ke jawabi a taron shekara, shi ake kai wa gaban gwamna. Amma wa'adi gare shi, kuma yana da ajinsa da ɗalibansa da ke jiransa.

Mai gudanar da ofis, ko a kira shi babban sakatare ko darakta, shi ne wanda ƙungiya ke kwana da tashi a hannunsa. Dubi ƙungiyar masana tarihi ta Amurka, wadda aka kafa a 1884. Shugabanta shekara ɗaya tak yake yi ya sauka, amma tana da darakta mai albashi a ofishinta na Washinton, kuma James Grossman ya riƙe wannan kujera daga 2010 zuwa 2025. A waɗannan shekarun shugabanni sun yi ta zuwa suna wucewa, takardu da asusu da hulɗa da hukumomi kuwa suna hannu ɗaya. A wajenmu, galibi wani malamin jami'a ake ɗora wa wannan kaya, ba albashi, ba ofis, fayil-fayil suna cikin but ɗin motarsa. Ranar da ya sauka ko aka yi masa canjin wurin aiki, sai rabin abin da ƙungiya ta sani ya tafi da shi. Abin yana sosa mini rai ƙwarai, a ce masu koyar da adana tarihi sun rasa inda bayanan zamansu na shekara goma da suka wuce suke.

To me yake yi a kullum?

Aikin da ba a tafa wa. Bin membobi su biya kuɗin shekara, sabunta rajistarsu, tsare rajistar ƙungiya a Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, kai asusu gaban mai binciken kuɗi, neman masaukin baƙi kafin taro. Sai kuma bin masana biyu ko uku da aka ba maƙala su tantance, don kada mujalla ta yi shekara ba ta fito ba, alhali ƙananan malamai na jiran bugun don ƙarin girma.

Dole sai farfesa?

A kujerar shugaba, sunansa na da amfani, domin yana buɗe ƙofa. A ofis kuwa na fi son mai amana, mai amsa waya, wanda ya iya lissafi, ko da digiri na biyu kawai gare shi.

Wannan shugabanci ya shafi wanda ba malami ba?

Sosai. Lokacin da aka janye darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, ƙungiyar ta Najeriya na cikin waɗanda suka dage suna kai kuka wurin hukuma, har aka ƙaddamar da mayar da shi a hukumance a 2022. Irin wannan naci ba ya yiwuwa sai da wanda zai rubuta wasiƙa yau, ya bi sawunta watan gobe.

Mu ma muna da namu. Ganuwar Katsina ta zaizaye a wurare da dama, ga Hasumiyar Gobarau, ga Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, ga rijiyar Kusugu a Daura, ga rubuce-rubucen hannu da ke cikin gafakoki a gidajen malamai, gara na cin su. Malami ɗaya in ya yi magana, a ce ra'ayinsa ne. In ƙungiya ta rubuta da hatiminta, dole a ba ta amsa.

In gwamnati ko fada ta ba da gudummawa, ba za a toshe bakin masana ba?

Ana iya karɓa, amma a rubuta abin da aka karɓa, a karanta wa membobi, kuma mai bayarwa bai da ta cewa a kan abin da mujalla za ta buga. A mujallar ƙungiyar ta Najeriya ce Abdullahi Smith ya buga maƙalarsa ta 1970 kan kafuwar daulolin ƙasar Hausa, inda ya nuna cewa labarin Bayajidda shi kaɗai bai isa ya bayyana asalinsu ba. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya bi wannan turba a littafinsa na 1981 kan tarihin Katsina. Ba kowa ya ji daɗin maganar ba, har yau akwai masu ja da ita da hujjojinsu, kuma haƙƙinsu ne a buga nasu martanin. Aikin shugabanci shi ne ya tsaya wa edita a ranar da wani babba ya bugo waya yana neman a cire wata maƙala.