Kada ku yi wa yarinyar wanka, ku kawo ta asibiti tukuna

Abu ɗaya nake ta gani a wurin aiki, kuma wallahi ya ishe ni. Sai a kawo mana yarinyar da aka yi wa fyaɗe bayan kwana huɗu ko mako guda, an yi mata wanka fes, an gasa ta da ruwan zafi da bagaruwa, kayan da ke jikinta an wanke an shanya. Uwa na kuka tana cewa, "Sista, a rubuta mana takarda mu kai kotu." Haba Hajiya, me likita zai rubuta? Ai kin wanke shaidar da hannunki.

Na san ba mugunta ba ce. Wace uwa ce za ta ga 'yarta a wannan hali hannunta bai kai ga ruwa ba? Amma ki daure, don Allah ki daure.

Ga abin da doka ta ce. Sashe na 209 na Dokar Shaida ta 2011 ya nuna yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, kuma kotu ba ta hukunta mutum da maganar yaron kaɗai, sai an sami wata hujjar da ta ƙarfafa ta. Sau da yawa hujjar nan ita ce rahoton likita. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi ɗaurin rai da rai, amma da me alƙali zai ɗaure shi in kun wanke komai? Kwana uku kuna zaman sulhu a zauren mai unguwa don "a rufa asiri", shi kuwa azzalumin yana yawonsa a gari.

Ga kuma lafiyarta. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Na hana ɗaukar ciki, ga wadda ta balaga, bai wuce kwana 5 ba.

Kada ku tsaya jiran takardar 'yan sanda. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Ba a duba yaro sai da amincewar uwa, uba ko mariƙinsa, ba kuma a danne shi da ƙarfi, kuma sirrinku yana wurinmu.

To, a gurguje:
Ba wanka, ba gashi, ba shafa magani.
Kada ungozoma ko kaka ta "duba" ta a gida.
Kayan jikinta a naɗe su cikin takarda mai tsabta, ban da leda.
Kada a dake ta, kada a tsare ta da tambayoyi.
Yara maza ma haka.

Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe: a Kano cibiyar Waraka, a Kaduna cibiyoyin Salama, a Sakkwato cibiyar Nana Khadija. Inda babu, ku nufi babban asibitin gwamnati mafi kusa. In ma kun riga kun yi wankan, ku kawo ta a haka, yau ɗin nan.