Fim ɗin ban tsoro a falo: wa dokar Birtaniya ke kamawa, mai sayarwa ko mai kallo?

A wani hutu da na yi a gidan yayata a Ingila, ɗanta mai shekara 14 ya dawo daga kanti yana huci. Faifan wani fim ya ɗauko, irin na mutanen da jirginsu ya faɗi a dokar daji, wani abu yana bin su yana ɗauke su ɗai-ɗai. Da ya kai wurin biya, matar da ke karɓar kuɗi ta juya kwalin, ta ga lamba 15 cikin da'ira ruwan hoda, ta ce ya nuna shaidar shekarunsa. Babu. Ta tura faifan ƙarƙashin teburi, ta ce na baya ya matso. Da yamma babansa ya biya ta kantin ya sayo, bayan sallar isha'i muka zauna a falo muka kalla mu duka, har da shi. Ana tsakiyar kallo, ya rungume filo, ya juyo ya ce mini: "Kawu, to yanzu Baba ya karya doka ke nan?"

Bai karya ba. Amma da matar nan ta miƙa wa yaron faifan, ita da kantin sun shiga uku. Wannan bambancin shi ne ƙashin bayan dokar faifan bidiyo ta Birtaniya ta 1984, wadda finafinan ban tsoro ne suka haife ta.

Asalin maganar shi ne, tun 1912 Birtaniya na da hukumar tace finafinai da ake kira BBFC. Ba ma'aikatar gwamnati ba ce, masu harkar fim ne suka kafa ta da kansu, kuma sinima kaɗai aikinta ya shafa. Sai ga na'urar bidiyo ta shigo gidaje a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980. Shagunan hayar kaset suka cika unguwanni, kuma babu wata doka da ta ce sai an tace kaset kafin a bayar. Ƙananan kamfanoni suka riƙa kwaso finafinan yanka da cin naman mutane daga Italiya da Amurka, suna buga musu kwali mai jini faca-faca. Yaro ɗan firamare na iya karɓo wanda ko babba ba a yarda ya gani a sinima ba.

Jaridu suka yi ca, suka laƙaba musu suna "video nasties", wato ƙazaman bidiyo. Wata 'yar fafutukar tarbiyya, Mary Whitehouse, ta ɗaura ɗamara. 'Yan sanda suka fara kai samame shaguna da wata tsohuwar dokar hana batsa ta 1959, ofishin babban mai gabatar da ƙara ya fitar da jerin sunaye a 1983. Finafinai 72 ne suka taɓa shiga jerin, 39 daga ciki aka yi nasarar samun hukunci a kansu. Matsalar ita ce, fim ɗin da kotu ta wanke a wannan gari sai a kama mutum da shi a wancan, mai shago bai san inda zai taka ba. Daga nan ɗan majalisa Graham Bright ya gabatar da ƙudirin da ya zama doka a 1984, ta fara aiki a watan Satumbar 1985. Shi ne kuma ya taɓa cewa a gaban kyamara bincike zai nuna finafinan nan har karnuka suke yi wa illa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda hankula suka tashi a lokacin.

Abin da dokar ta ce ba shi da wuyar ganewa. Duk fim ɗin da za a sayar ko a bayar haya a kaset ko faifai, sai BBFC ta gani ta ba shi lamba, kuma sai an buga lambar a kwali da jikin faifan. U na kowa da kowa ne, PG na kowa ne amma iyaye su sa ido. Daga nan sai 12 da 15 da 18, waɗanda haramun ne a sayar wa wanda bai kai shekarun ba. Akwai R18 na batsa, wanda sai a shago mai lasisi na musamman. Wanda ya sayar da fim ɗin da ba a tace ba, ko aka same shi ya tara shi don sayarwa, zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 2 da tarar da ba ta da iyaka. Wanda ya sayar wa yaro abin da ya fi ƙarfin shekarunsa, ɗaurin wata 6 ko tara, ko duka biyu.

Ka lura da kalmar da take ta maimaituwa: sayarwa. Dokar ba ta san laifin kallo ba. Sashe na 3 ma ya fito fili ya cire duk bayarwar da ba don lada aka yi ta ba, ba kuma cikin harkar kasuwanci ba. Uba ya saya ya ba ɗansa, aboki ya ara wa aboki, babu ruwan hukuma. Haka mai ɗaukar bidiyon biki da ya kai wa ango da dangi faifansu, ba sai ya bi ta hannun masu tacewa ba. A sinima kuwa labari ya sha bamban: fim mai lamba 15, ko da uwa da uba ka zo, in ba ka kai ba a bakin ƙofa za ka tsaya. A cikin lambobin shekaru, 12A da aka ƙirƙiro a 2002 ne kaɗai ke barin ƙaramin yaro ya shiga in yana tare da babba. Akwai dai wasu dokoki daban da suka haramta mallakar hotunan cin zarafin yara da makamantansu, amma wannan ba maganar fim ɗin ban tsoro ba ce.

To in gwamnati ba za ta shiga falo ba, ta yaya za ta kare yaron da ke cikin falon? Nan ne hikimar dokar take, nan ne kuma ƙorafin masu adawa da ita yake. Sashe na 4 ya umarci hukumar ta yi la'akari na musamman da cewa a gida za a kalli fim ɗin. A gida babu mai tsaron ƙofa. A gida ana iya tsayar da hoto, a mayar da shi baya, a kalli wurin da aka soka wuƙa sau goma. Saboda haka sai ma'aunin kaset ya fi na sinima tsauri: fim ya wuce a sinima lafiya lau, a zo kan kaset a datse masa wasu wurare ko a hana shi lamba ɗungurungum. Misalin da aka fi sani shi ne The Exorcist na 1973, labarin yarinyar da aljani ya shiga. An nuna shi a sinimomin Birtaniya, ya ma fito a kaset, amma a 1988 ya ɓace daga shaguna saboda hukumar, ƙarƙashin daraktanta James Ferman, ba ta yarda ta ba shi lamba ba. Tsoronta shi ne 'yan mata sa'annin yarinyar fim ɗin su gan shi a gida. Sai a 1999 aka sake shi da lamba 18, ba a yanke komai ba. Shekara 11 magidanta na biyan kuɗin laifin da ake tsoron 'ya'yansu su yi.

An ƙara ɗaure igiyar a 1994. Shekara guda kafin nan, wasu yara biyu 'yan shekara 10 suka kashe wani yaro ɗan shekara 2, James Bulger, a yankin Liverpool. Alƙalin shari'ar ya yi hasashen cewa wataƙila kallon bidiyon tashin hankali na da hannu, jaridu suka ɗora laifin a kan wani fim na 'yar tsana mai kisa. 'Yan sandan da suka yi binciken sun ce ba su ga hujjar cewa yaran sun kalle shi ba. A ganina an bar jaki ne ana dukan taiki, amma majalisa ta riga ta motsa. Aka ƙara sashen da ya tilasta wa hukumar auna illar da fim zai yi wa mai kallo, ko ya yi wa al'umma ta hanyar halin da mai kallon zai ɗauka, a abubuwa biyar: aikata laifi, miyagun ƙwayoyi, tashin hankali, abubuwan firgitarwa, da jima'i. Mai kallo a nan ya haɗa da yaron da ake ganin zai iya kai hannu ga faifan, ko da ba don shi aka yi ba.

A aikace, ba yawan jini kaɗai ake dubawa ba. A matakin 12 ana yarda da tsoro matsakaici, muddin ba ya daɗewa ko yawan maimaituwa. A 15 ana yarda da firgici mai ƙarfi, amma in kyamara ta tsaya tana jin daɗin azabtar da mutum, sai a tura fim ɗin 18. Finafinan gudun ceton rai, irin wanda muka kalla a daren nan, sukan gamu da wani ma'aunin kuma: abin da yaro zai iya kwaikwaya. Dodo mai kai bakwai bai cika damun masu tacewa ba kamar a nuna dalla-dalla yadda ake illa da wuƙar kicin, domin dodon babu shi a gidan kowa, wuƙar kuwa tana nan cikin kwando.

Wani abin dariya ya faru a 2009. Gwamnati ta gano cewa tun 1984 an manta ba a sanar da hukumar Tarayyar Turai wannan doka ba kamar yadda ƙa'ida ta tanada, don haka shekara 25 ana hukunta mutane da dokar da ba ta cika sharaɗi ba. Aka dakatar da gurfanarwa, a watan Janairun 2010 aka soke ta aka sake kafa ta da kalmominta.

Yanzu kuma kan mage ya waye, faifai ya zama kayan tarihi a gidaje da yawa. Dokar 1984 abin da ake riƙewa a hannu ta sani, ba ta kai ga fim ɗin da ke zuwa ta intanet ba. Netflix na amfani da lambobin BBFC a Birtaniya, amma da yardar kansa ne. Dokar kafofin watsa labarai ta 2024 ce ta buɗe wa Ofcom, hukumar kula da kafofin sadarwa ta Birtaniya, hanyar sa ido kan manyan kamfanonin irin wannan.

Duk wanda ya saba ganin lambobin hukumar tace finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1993, zai ga kama: G, PG, 12, 12A, 15, 18 da RE. Kano kuwa, mai tata hukumar tun 2001, takan bi wata hanyar, ta hana jigon gaba ɗaya maimakon ta ba shi lamba, kamar yadda ta yi a watan Satumbar 2021 da finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Wato fim ɗin wanda aka sace yana neman kuɓuta, da a Landan za a manna masa 15 ko 18, a Kano bisa wannan umarnin na 2021 hana shi za a yi. Na ƙasashen waje kuma, masu fassarar Hausa da marasa ita, suna nan a shagon masu tura fim a waya, inda babu kwali balle lamba, kuma ban taɓa jin an tambayi wani yaro shekarunsa a can ba.