Masu neman aiki, ku daina raba takardunku kamar goron biki

Na daɗe ina aikin tace takardun masu neman aiki a nan Kaduna, kuma tambayoyin nan sun ishe ni a WhatsApp. Ga amsa sau ɗaya, don Allah kar a sake turo min su tsakar dare.

Kamfani na da ikon bincikar tarihina kafin ya ɗauke ni?

E, amma da saninka. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce sai an faɗa maka abin da za a karɓa da abin da za a yi da shi.

Sun ce in karanto musu lambar da banki ya turo wa wayata.

Ɓarayi ne. Kashe kiran.

Wai sai na yi gwajin ƙanjamau?

Dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014 ta hana a mai da wannan gwaji sharaɗin ɗaukar aiki. Ko a nan aka tsaya, ka san irin wurin da za ka shiga.

Suna neman NIN da BVN tun kafin a kira ni ganawa. In na ƙi, ai wani za a ba aikin.

To, nan ne gizo ke saƙa, kuma ba zan yaudare ka ba. A doka, ba a karɓar bayanin da ya wuce buƙata. Mai son tabbatar da cewa ka gama Jami'ar Ahmadu Bello ko ka yi bautar ƙasa, me ya haɗa shi da BVN ɗinka? BVN sai an zo maganar albashi, wato bayan takardar kama aiki ta shiga hannunka. NIN kuwa da ɗan sauƙi, don wani lokacin da ita ake tabbatar da kai ne mai takardun, musamman aikin da ya shafi kuɗi ko gadi.

Amma na san wanda ya shekara 3 yana zaman jira ba zai tsaya kawo sashen doka a gaban manaja ba. Saboda haka ka duba wa ke tambaya. In ka taka da ƙafarka ka ga ofishi, ka ga ma'aikata, to ka tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, wa zai riƙe, kuma har yaushe?" Wurin kirki ba ya jin haushin wannan. In wani kamfanin dabam suka ba binciken, ka nemi sunansa a rubuce. In kuwa talla ce kawai ka gani a Facebook da lambar waya, ni dai ba zan tura ba, ko da albashin ya kai nawa. Tsakanin waɗannan biyun, sai dai ka auna da kanka.

Ba su ɗauke ni ba. Ina takarduna za su?

Ranar nan na sayi tsire a Kawo, aka naɗe min a takardar neman aikin wata baiwar Allah: hotonta, adireshin gidansu, lambar wayarta, duk mai ya jiƙe su. Can suke zuwa in ba ka bi sawu ba. Rubuta musu cewa ka janye amincewarka, su goge. In sun yi kunnen uwar shegu, kai ƙara Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC. Tara na iya kai naira miliyan 10 ga manyan kamfanoni, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara in ya fi haka.

Zan iya sa kawuna a matsayin mai tsaya min, daga baya in faɗa masa?

Haba! Lambarsa da hotonsa naka ne? Je ka gaishe shi tukuna.

A shagon kwamfuta na yi sikanin takarduna, akwai matsala?

Ka tsaya an goge a gabanka? Na sani, ba ka tsaya ba. Koma yau, ka ce a buɗe kwandon sharar kwamfutar ma a share.