Gem ɗin da bai nuna ba: tambayoyin da ake tare ni da su a shago

Ina da ɗan gem senta a Aboabo nan Kumasi, PS4 uku da PS5 ɗaya, sai wata tsohuwar kwamfuta a kusurwa da ni kaɗai nake taɓa ta. Tun da aka san ni da harkar nan kullum sai wani ya tare ni da tambaya, wani a shago, wani a wajen mai koko da safe, har bayan Juma'a an taɓa riƙe min riga a bakin masallaci. Makon jiya wani yaro ya shigo kamar zai yi kuka, ya tara kuɗinsa na wata biyu ya sayi gem, yana cikin bugawa mutumin nasa yana tafiya a titi kawai sai ya nutse cikin ƙasa, sai kai kaɗai ake gani. Shi ne na ce bari in haɗa tambayoyin in amsa gaba ɗaya in huta.

Yaya, wai da gaske kamfani zai iya sayar da gem bai gama shi ba?

Da gaske mana, amma iri biyu ne, kar ka haɗa su.

Na farko shi ne wanda aka faɗa maka tun a ƙofa cewa ba a gama ba. A Steam, babban shagon sayar da gem na kwamfuta a intanet, sunansa Early Access, tun 2013 suka buɗe tsarin. Ka san yadda ake kama ɗaki a garin nan, mai gida ya nuna maka ɗaki ba filasta ba silin ba taga, ya ce kawo adibas na shekara biyu in ƙarasa da kuɗinka ka shiga? Toh shi ne sak. Ka gani da idonka, ka yarda, ka biya. Wani mai gidan mutumin kirki ne zai ƙarasa har da fenti. Minecraft haka aka fara sayar da shi a 2009 yana ɗanye, sai 2011 ya cika. Hades ya shiga kasuwa a ƙarshen 2018 aka gama shi a 2020, Baldur's Gate 3 kuwa daga Oktoban 2020 har Agustan 2023 mutane na bugawa suna kawo ƙorafi ana gyarawa. Wani mai gidan kuma zai cinye kuɗin ya ƙara aure, kai kana kwana da leda a taga. Kuma Steam ta wanke hannunta tun farko, a saman shafin kowane irin gem ɗin nan an rubuta cewa bai cika ba, zai iya canzawa zai iya tsayawa a haka, in yadda yake yanzu bai maka ba ka jira.

Na biyun shi ne mai ciwon. Cikakken kuɗi, kwali mai kyau, talla kamar fim, ba wanda ya ce maka komai, sai ka ɗauki loma ka ji shinkafar da tsakiya. Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan shi ne kowa ke kawowa misali. Ya fito 10 ga Disamba 2020, mutum miliyan 8 sun riga sun biya tun kafin ya fito, kuma na kwamfuta kaɗai kamfanin ya ba masu sharhi su gwada, bai ba su na PS4 ba. Da masu PS4 suka kunna, motoci na tashi sama, fuskoki ba sa fitowa, gem ɗin na mutuwa da kansa. Bayan kamar mako ɗaya Sony ta cire shi daga PlayStation Store ta ce a zo a karɓi kuɗi, bai dawo ba sai Yunin 2021.

Amma zamanin PS2 ba mu san wannan ba ai?

Akwai gem marasa kyau a lokacin ma, mun manta ne kawai. Bambancin shi ne a da in aka buga faifai an buga ke nan, ba hanyar bin ka gida a gyara, kuskuren da ke ciki da shi za ka tsufa, don haka dole kamfani ya tsaya ya duba sosai kafin ya kai ma'aikatar buga faifai. Yanzu intanet ta ba su ƙofar baya. A fitar da gem ranar da aka yi alkawari, don an riga an kashe kuɗin talla, masu hannun jari na jira, Kirsimeti ta matso, sauran aikin kuma a biyo ka da shi a afdet, faci kan faci kamar tayar keken ɗan acaɓa. Shi ya sa za ka sayi faifai sabo dal a Adum ka zo gida ka saka, ya ce sai ka sauke giga kaza tukuna. Su can ba sa jin wannan a jikinsu. Mu nan data ce, kuɗi ne.

To shi shagon da ke sayarwa fa, ba ya dubawa kafin ya ɗora?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Suna dubawa, amma ba abin da kake zato suke dubawa ba.

Ɗauki Steam na kamfanin Valve. Da farko su ke zaɓen abin da zai shiga da hannunsu. A 2012 suka kawo Greenlight, jama'a su kaɗa ƙuri'a a kan gem ɗin da suke so a ɗora, sai mutane suka fara sayen ƙuri'a da alkawarin gem kyauta, abin ya lalace. A Yunin 2017 suka rufe shi suka kawo Steam Direct: ka cike takardu, ka biya dala 100 a kan kowane gem, ka jira kwana 30, su duba ko gem ɗin yana tashi kuma abin da ka rubuta a shafinsa yana ciki, shikenan ka shiga kasuwa. In ka yi cinikin dala 1,000 ma a maido maka da ɗarinka. A 2018 kuma suka fito suka ce za su bar kusan komai ya shiga, ban da abin da ya saɓa doka ko wanda tsokana ce zalla. A 2023 kaɗai gem sama da 14,000 suka fito a Steam, raba shi da kwanakin shekara ka gani, kusan arba'in kullum. Wa zai zauna ya buga arba'in kullum har ƙarshe?

Sony da Microsoft da Nintendo nasu ya fi tsauri, akwai gwajin da kowane gem zai wuce kafin ya fito. Amma jerin ƙa'idoji ne na na'ura: in fad, wato abin riƙewa a hannu a buga, ya mutu ana cikin wasa me zai faru, in intanet ta yanke fa, sebin, wato ajiyar inda ka tsaya a gem, yana lalacewa ko a'a, sunayen maɓallai daidai suke. Ba sa tambayar ko gem ɗin ya kai kuɗinsa. Kamar mai karɓar tikiti ne a bakin kasuwar Kejetia, aikinsa ya ga ka biya kuɗin wuri kuma ba ka tare hanya ba, ba ya ɗanɗana miyarki Hajiya. Cyberpunk ai ta wannan ƙofar ya wuce.

Na waya kuwa, Google Play dala 25 ce sau ɗaya, Apple dala 99 duk shekara. Google ta ƙara sharaɗi a kan sababbin masu ɗora manhaja su kaɗai, sai mutum 12 sun gwada abin na kwana 14 kafin a sake shi. Ya rage shara kaɗan, amma duk wanda ya taɓa sauke gem saboda tallan da ya gani ya tarar da wani abu daban ya san sauran.

Me zai hana su rufe ƙofar kawai su riƙa tacewa?

Kuɗi mana. Kashi 30 cikin ɗari shi ne abin da Steam ke ɗauka a yawancin ciniki, na PlayStation ma haka, gem mai kyau ne ko maras kyau kasonsu na nan. Ɗaukar dubban ma'aikata su zauna buga gem kuwa asara ce a wajensu, ga ku nan za ku yi aikin kyauta ku rubuta sharhi.

Amma in faɗi gaskiya, ni kaina ba na son a rufe ƙofar gaba ɗaya. An taɓa yin haka. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta rushe saboda an cika ta da tarkace, har Atari ta kwashe kaset ɗin da suka ƙi sayuwa ta binne a wani juji a Alamogordo, sai 2014 aka tono su. Da Nintendo ta zo ta riƙe ƙofa gam, ba ka fitar da gem a na'urarta sai da izininta da hatiminta a kwali. Ya gyara kasuwa, sai dai wanda ba shi da uwa a gindin murhu ba ya shiga. Yau yaro a Asawase da laftof ɗinsa zai iya haɗa gem ya kai shi gaban duniya da dala 100, kamfanin gem irin Leti Arts da ke Accra tun 2009 ma da waccan ƙofar ce da wa zai saurare su. Abin da nake so kawai shi ne wanda ke cin kashi 30 ya ɗauki nauyin kashi 30, ba ya ci riba ya bar mai saye da jinya ba.

Akwai waɗanda dama damfara suka zo yi?

Akwai. Wasu sayen kayan gem suke yi da aka riga aka ƙera, itatuwa da gidaje da mutane, ana sayar da su a shagon Unity da makamantansa don masu koyo da masu ƙaramin ƙarfi, sai su jera su yadda suka zo su laƙaba suna su kai kasuwa. Wani ɗan kamfani Digital Homicide ya yi suna a wannan, da aka zage su sai suka kai mai sharhi Jim Sterling kotu, suka ƙara da masu amfani da Steam mutum 100 suna neman dala miliyan 18, a nan ne Valve ta kwashe gem ɗinsu duka a Satumbar 2016. Lura fa, ba don rashin kyan gem aka kore su ba, don sun taɓa kwastoma ne.

The Day Before kuma shekaru ana nuna bidiyonsa mutane na zumuɗi, ya fito 7 ga Disamba 2023 ba abin da aka nuna ba ne, kwana 4 kacal kamfanin Fntastic ya ce ya rufe. An dai maido wa mutane kuɗinsu.

Ɗana, yaron nan nawa ya sa na saya masa kati ya sayi abin ya ce ba ya aiki, kuɗin sun tafi ke nan?

Baba Alhaji, ya danganta da inda ya saya. In Steam ne, muddin bai wuce kwana 14 da saye ba kuma bai buga ya kai awa 2 ba, za su maido, tun 2015 suke da wannan dokar. Ko ita ma ba don Allah kawai suka yi ba, hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta riga ta maka su a kotu a kan maganar maido kuɗi, a 2016 aka ci su tarar dalar ƙasar miliyan 3. In PlayStation ne kuwa kwana 14 ne shi ma amma da zarar ya fara sauke gem ɗin magana ta ƙare, sai in an tabbatar kayan na da lahani, kuma tabbatarwar nan ita ce aikin.

Sannan ga namu na gida da dokokin nan ba su san da shi ba. Gana ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa in za a buɗe akawun na PlayStation, yawancinmu na Amurka ko na Ingila muke buɗewa da adireshin aro, mu tura wa wani kuɗi ta MoMo ya turo mana lambar kati. Ko an maido, cikin akawun ɗin kuɗin za su zauna, ba za su dawo sidi a wayarka ba Baba. Wanda kuma ya sayi lambar gem a hannun ɗan kasuwa ya shigar a Steam, wannan ba ruwan Valve da shi.

Ni ma ta taɓa ci na. Wani gem da ba zan kama suna ba, na biya tun kafin ya fito, na sayi bandil na dare na kwana a shago a kan benci ina gadin daunlodin, wajen ƙarfe uku aka ɗauke wuta ya rage kaɗan, washegari na sake, da ya gama na kunna sai ga wani afdet ɗin a cikin gem ɗin kansa, agogon awa biyun nan kuwa yana ta tafiya tunda a wajensu na riga na fara bugawa. Kafin in ga fuskar jarumin lokacin maido kuɗi ya wuce. Kuɗin data da na ƙona ma ba wanda zan kai wa ƙara.

Suna gyaruwa daga baya kuwa?

Wasu. No Man's Sky ya fito a Agustan 2016 babu abubuwa da yawa da aka yi alkawari, kamfanin ya yi shiru ya duƙufa yana sakin afdet kyauta shekara da shekaru har mutane suka yafe. Cyberpunk ma yanzu gem ne mai kyau. eFootball 2022 da Konami ta saki a Satumbar 2021, wanda fuskar Messi ta zama abin dariya a duniya har suka ba da haƙuri, shi ma ya miƙe, shi dai dama kyauta ne. Amma ka ga abin haushin, wanda ya biya cikakken kuɗi ranar farko shi ya sha wahalar, wanda ya zo bayan shekara ya samu gyararre kuma a rabin kuɗi.

To kai Masa ya kake yi kafin ka saya?

Ba na kallon tallan kamfani, ina neman bidiyon wani da ke bugawa a irin na'urata, PS4 in PS4 ce, don na PS5 ba zai gaya maka komai a kan taka ba. A Steam ina duba sharhin kwanan nan ba na tun farko ba, in Early Access ne in duba yaushe rabonsu da afdet, yanzu ma Steam da kanta tana sa gargaɗi in an daɗe ba a taɓa gem ɗin ba. Biya kafin fitowa kuwa na daina tun daren bencin nan, kayan da ba ya ƙarewa a shago me zai sa in yi masa layi.

Gem ɗaya ne ya fi ƙarfina, na ƙwallo. Tun 2023 aka canza masa suna zuwa FC amma yaran nan har gobe FIFA suke cewa, kuma in ya fito a ƙarshen Satumba ban saka shi a makon ba, duk za su kwashe su koma shagon da ke bayan tasha. Shi kam ko da tsakiya haka nake saye, in kwana ina sauke shi, da safe in kunna musu in koma gefe da kokona ina jin su suna zagin gola.